Buroshin da Ke Cinye Baƙin Wili

Duk wanda ya tsaya a wurin wankin mota a Kano ko Kaduna ko Abuja da hantsin Asabar ya san yadda abin yake tafiya. Mai mota yana zaune a benci yana latsa waya. Yaron wanki ya zuba Omo a bokiti, ya kaɗa har ya yi kumfa, ya ɗauko buroshin nan mai taurin baki wanda ya gama dirje tayoyin motoci biyar da shi tun safe, ya dirji taya, sannan da buroshin nan dai ya hau kan wili. Idan ya ga wani baƙin da ya ƙi fita, sai ya ƙara ƙarfi. Mai mota ya ɗago kai ya ga yaro yana gumi, ransa ya yi fari, ya ce lallai wannan ya iya aiki.

A wilin da yake ruwan azurfa ana iya shekara ana haka ba a ankara ba. Amma baƙin wili mai sheƙi, irin wanda ake gani yanzu a ƙafafun Mercedes da Lexus da Range Rover, har ma da Camry da aka sauya wa wili a kasuwa, ba ya rufa wa kowa asiri. Wata uku ya isa. Ranar da hasken rana ya faɗa masa daidai, sai a ga saƙar gizo-gizo ta lulluɓe shi, baƙin ya koma toka-toka. Daga nan sai a shiga neman mai laifi: titi ne, rana ce, fentin jabu ne, dillali ne ya yi ha'inci. Da wuya a ji an ambaci wanki, alhali kuwa a nan ɓarnar take.

Abin da ido yake gani a matsayin sheƙi ba baƙin fentin ba ne. Wani shafi ne garai-garai kamar gilashi da ake fesawa a saman fentin, wanda a jikin mota kaurinsa bai kai na silin gashi ɗaya ba. Muddin fuskarsa tana sumul, haske yana dawowa daga gare ta a miƙe kamar daga madubi. Da zarar an karce ta, gefen kowane karce sai ya warwatsa haske, ya fito fari. Fari a kan ruwan azurfa ɓacewa yake yi, amma a kan baƙi kamar alli yake a kan allo. Saboda haka baƙin wili bai fi sauran rauni ba, tonon silili kawai ya fi su.

To me ke yin karcen? Mutane da yawa sun ɗauka buroshi ne shi kaɗai. Buroshi yana da nasa laifin, sai dai babban mai laifi shi ne abin da buroshin yake ja a kan fenti. A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda duk abin da ke sama yake iya karce na ƙasa da shi. Farce yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, lu'ulu'u 10. Kwaz, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, yana kan 7. Abin da ke iya karce gilashi, ina ga fenti? Kuma ƙurar da ke sauka a ƙasar Hausa daga Nuwamba zuwa Maris cike take da shi. Iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodélé a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda yake cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. Wannan garin da ke kwanciya a kan wili kafin gari ya waye, samfefa ce da ba a manna wa takarda ba. Tsumma ko soso ko buroshi shi ne takardar.

Wili kuma yana da wata masifar da ƙofa da bonet ba su da ita. Duk lokacin da aka taka birki, faifan birki, wanda ƙarfe ne, yana gogayya da abin da ke matse shi, sai ɓurɓushin ƙarfe mai zafi ya tashi ya manne a wili. Idan ya daɗe ya sha danshi, sai ya yi tsatsa ya kafe a cikin shafin. A wili mai haske ana ganinsa baƙi-baƙi tun da wuri. A baƙin wili yana ɓuya har sai ya taru, kuma shi ne dattin nan mai taurin kai da ke sa yaron wanki ƙara ƙarfi.

A nan ne ya kamata a ƙalubalanci wata tsohuwar fahimta, wadda ke cewa tsafta sai da dirza. Gaskiya ce a kan tukunya da daɓen siminti da kaushin ƙafa. An ɗauko ta daga can an ɗora wa fenti, har ta kai mai mota yana jin an cuce shi idan bai ga ana dirza ba. A wankin wili, ruwa da sabulu ne ya kamata su yi mafi yawan aikin kafin hannu ya taɓa komai. A bar wili ya huce tukuna, domin sabulun da aka zuba wa ƙarfe mai zafi bushewa yake yi nan take ya bar tabo. A kwarara ruwa sosai har yashin da ke sama ya tafi. A fesa sabulun mota ko na wili mai sauƙi, wanda ba asid ba ne, ba kuma mai kaifi irin na wankin tufafi ba, a ba shi 'yan mintoci ya jiƙa dattin ba tare da ya bushe ba. Ɓurɓushin birki kuwa yana da nasa maganin, wani ruwan feshi mai warin tsiya da ke narkar da ƙarfen, har a ga yana zuba da launin shunayya. Abin da wannan ruwan yake yi a minti biyar, buroshi ba zai yi shi ba sai ya tafi da fenti.

Sai bayan haka zancen kayan aiki yake shigowa, kuma ba su da yawa. Fuskar wili, inda ido ke sauka, ba ta buƙatar buroshi ko kaɗan. Safar hannu ta maikirofaiba mai dogon gashi ko ta ulun rago ta wadatar, domin gashinta yana haɗiye ƙwayar yashi ya tura ta ciki, ba ya danna ta a kan fenti kamar yadda soso mai shafaffiyar fuska yake yi. Cikin wili, can bayan ƙafafunsa, yana son sanda mai kai lulluɓe da ulu ko maikirofaiba. Ramukan noti da lungunan da yatsa ba ya shiga suna son ɗan ƙaramin buroshi mai laushi irin na masu zane. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan, musamman waɗanda ake yabawa a intanet, da gashin aladen daji ake yin su, abin da masu motoci da dama a nan ba za su so ya shiga gidansu ba. Babu asara a nan: akwai na gashin roba mai laushi ƙwarai, kuma ga baƙi mai sheƙi shi ne ma ya fi aminci. Buroshi mai tauri yana da gurbi ɗaya tak, wato robar taya, kuma daga taya bai kamata ya wuce ko'ina ba.

Mafi haɗari a kasuwa shi ne wanda aka rubuta wa “buroshin wili” ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa: dogo, mai kama da na wanke kwalba, gashinsa na roba mai tauri a murɗe jikin waya. Gashin yana karce, bakin wayar kuma, ranar da hular robar da ke kansa ta fita, yankan da zai yi ya wuce karce. Rubutun kwali ba hujja ba ne. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: a ɗauko tsohon faifan CD, a jiƙa buroshin, a goga a fuskarsa mai sheƙi, a ɗaga shi ga haske. Idan ya bar zane a faifai, to kada a kai shi kusa da wili.

Kada kuma a ɗauka tsada ce mafita. Akwai masu sayen jakar kayan wanki guda daga Dubai ko Amurka, su miƙa wa mai gadi, shi kuma ya tsoma su duka a bokiti ɗaya da ruwan da aka wanke taya, ya ajiye safar a ƙasa yayin da yake jan tiyo. Safar da ta taɓa ƙasa ta tashi daga aiki har sai an wanke ta. Bokitin wili daban yake da na jikin mota, kuma ana ɗauraye safar bayan kowace ƙafa. Tsummar tsanewa ma ta zama tata ce ita kaɗai, mai tsabta, a riƙa dannawa a hankali maimakon gogewa. Barin ruwa ya bushe da kansa ba dabara ba ce, domin ruwan burtsatse a wurare da yawa yana barin farin tabo.

Akwai kuma al'adar da ta fi wankin Asabar ɓarna, don kullum ake yin ta: direba ko mai gadi ya fito da sassafe da busasshiyar tsumma ya bi mota yana karkaɗewa, ya ƙare da wili, don kada maigida ya fito ya ga ƙura. Da niyyar kirki yake yi. Amma busasshiyar tsumma a kan ƙurar hunturu ita ce samfefar da aka ambata, ba tare da ko ɗigon ruwan da zai rage kaifinta ba. Gara a bar wili da ƙurarsa har ranar wanki.

Ɗora wa yaron wanki laifi shi ne abu mafi sauƙi, kuma zalunci ne. Ana biyansa ne a kan yawan motocin da ya gama, da kayan da mai wurin ya ba shi, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayanin fenti. Mutumin da ya zuba miliyoyi a mota, sannan ya tsaya yana ciniki a kan kuɗin wanki yana cewa a yi sauri, shi ya zaɓi wannan sakamakon. Safa ɗaya, sanda ɗaya, ƙaramin buroshi da bokiti, kuɗinsu bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. A ajiye su a but, a miƙa wa mai wanki, a tsaya a kansa sau biyu ko uku, a ƙara masa wani abu saboda lokacin da aka ci masa.

Wani abin ma ya fi fenti muhimmanci. Wasu ruwan wanke wili masu ƙarfi, waɗanda ake so saboda suna fitar da datti cikin ƙiftawar ido, suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik ko danginsa. Wannan asid yana ratsa fata ya shiga nama, kuma idan an sirka shi da ruwa, zafin ƙunar ba ya bayyana sai bayan sa'o'i. Yaron da ke tsoma hannu tsirara a cikinsa bai san haka ba, musamman idan an juye ruwan a gorar da ba ta da rubutu. Mai motar da ya iya karanta takardar kwangila mai shafi hamsin zai iya tambayar abin da ke cikin gora kafin a fesa wa motarsa.

Wilin da ya riga ya karce kuwa, gyaransa biyu ne. Ko dai a goge shi da man foli, wanda cin shafin yake yi har ya daidaita da zurfin karcen, kuma shafin ba ya tsirowa, don haka sau kaɗan ake iya yi. Ko kuma a cire taya a kankare fentin a sake fesawa, a kuma yi fatan baƙin da mai fenti ya haɗa zai dace da na sauran ƙafafu ukun.