RA'AYINMU: Wa Ke Karanta Bayan Ambulan Ɗinmu?

Duk wanda ya taɓa kai wasiƙa gidan waya ya san abubuwa biyu ne ke tafiya tare: akwai abin da aka rubuta a ciki, akwai kuma abin da aka rubuta a bayan ambulan. Na ciki sirri ne tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Na baya kuwa, wato suna da adireshi da hatimin ranar da aka jefa ta, kowane ma'aikacin da wasiƙar ta bi ta hannunsa yana iya gani. Haka al'amarin intanet yake, sai dai a can ba a aika wasiƙa ɗungurungum. Idan manomin rake a Ɗandamisa ya aika wa dillalinsa na Kano hoton mazarƙwaila ta wayarsa, wayar takan yayyanka hoton ta mai da shi ƙananan ƙulle-ƙulle masu yawa, kowane ƙulli da adireshinsa, su bi ta turken kamfanin waya da sauran na'urorin da ke kan hanya, sa'an nan a sake haɗa su a can. Wanda duk ke riƙe da ɗaya daga cikin na'urorin nan na kan hanya yana iya kwafe ƙulle-ƙullen da ke wucewa ya adana su cikin fayil. Wannan kwafi shi ne abin da za mu yi magana a kansa, domin wani sauyi ya auku a kansa wanda bai kamata ɗalibai da matasan ma'aikata su yi barci a kai ba.

Kwafar kanta tsohuwar sana'a ce. Tun 1988 wasu masana a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Amurka suka ƙago manhajar tcpdump don wannan aiki. A 1998 wani mai suna Gerald Combs ya fito da Ethereal, wadda aka sauya wa suna zuwa Wireshark a 2006, kuma kyauta ake ɗaukarta har yau. To, me ya hana kowa da kowa zama ɗan leƙen asiri tun tuni? Wahalar karatu. Wanda ya buɗe irin wannan fayil zai tarar da layi dubu ɗari bisa dubu ɗari na lambobi da gajerun kalmomi, waɗanda sai wanda ya ɓata shekaru yana koyo zai iya fitar da ma'ana daga cikinsu. Ƙarancin masu wannan ilmi shi ne katangar da ta daɗe tana kare talaka, ko da yake ba wanda ya gina ta da nufin haka.

Katangar nan ta fara zubewa. Tun da ChatGPT ya bayyana a watan Nuwamba na 2022, jama'a suka saba da yi wa na'ura tambaya da harshen yau da kullum. A watan Nuwamba na 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da wata ƙa'ida da ake kira MCP, wadda ke ba irin waɗannan mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira damar sarrafa wasu manhajoji da kansu, kuma ba a daɗe ba masu sha'awa suka ƙulla su da Wireshark da 'yan'uwansa. Ma'anar wannan ita ce, mutum ya miƙa fayil ya ce, "Gaya mini wace waya ce ta fi cin data a daren jiya, kuma waɗanne shafuka ta ziyarta." Na'ura ta tace, ta ƙirga, ta mayar da amsa cikin 'yan mintoci, cikin jimloli masu daɗin karantawa. Aikin da a da sai injiniya, yanzu akawu mai haƙuri yana iya taɓa shi.

Ba za mu ɓoye alherin da ke ciki ba, domin mu ne muka fi kowa shan wahalar intanet maras ƙarfi. Wanda ya taɓa kwana a layi don rajistar kwasa-kwasai, shafi yana buɗewa yana rufewa, ya san darajar ma'aikacin da zai iya gano inda cutar take. A sakatariyar ƙaramar hukuma irin ta Makarfi ko Ikara ko ta Kudan da ke Hunkuyi, ko a makaranta irin Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, ba a sa ran samun rundunar injiniyoyi kamar ta bankunan Legas. Matashi ɗaya mai difloma, in ya sami irin wannan mataimaki, zai iya gane cewa wata kwamfuta ta kamu da cuta tana aika bayanai waje da tsakar dare, ko kuwa wata na'ura ce ta lalace take toshe hanya. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ma ya sami malamin da ba ya gajiya da tambaya. Wannan ci gaba ne, muna kuma maraba da shi.

Amma mu koma ga bayan ambulan. Za a ce mana ai saƙonni yanzu a kulle suke, kuma gaskiya ne: tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo yadda ko kamfanin waya ba ya iya karanta shi, yawancin shafukan intanet ma haka. Sai dai kullewar ta tsaya ne a kan abin da ke ciki. Mai riƙe da na'urar rarraba intanet ta ɗakin kwanan ɗalibai, a mafi yawan lokaci, yana iya ganin sunan shafin da waya ta nema, da lokacin da ta nema, da yawan abin da ta ɗauko, da tsawon zaman da ta yi. Idan kuma sai da lambar rajista ɗalibi ke shiga intanet ɗin makaranta, to an riga an ɗaura wa kowane ƙulli suna. Ba sai an karanta wasiƙar yarinya ba kafin a san cewa sau goma ta leƙa shafin da ke bayani kan wata cuta a mako guda. Ba sai an saurari taron ɗalibai ba kafin a san wayoyi nawa ne suka taru a ɗaki ɗaya ƙarfe biyun dare, daren da takardar koke ta fita. Janar Michael Hayden, wanda ya shugabanci manyan hukumomin leƙen asirin Amurka guda biyu, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa da irin waɗannan bayanai na bayan ambulan suke yanke shawarar kashe mutane. Wanda ya san aikin ke nan.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne na ƙasashen Turai. A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa cewa gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 don sa ido kan abin da 'yan Nijeriya ke yi a intanet. A ƙarshen 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu bin sawun waya da satar jin kira. A watan Disamba na shekarar ne aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar zama ɗan ƙasa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato, daga ƙarshen watan kuma wasu sassan Jihar Kaduna suka shiga duhu har wajen ƙarshen Nuwamba. Duk da sunan tsaro aka yi waɗannan. Mu ma muna son tsaro, iyayenmu ne ake sacewa a gona, 'yan'uwanmu ɗalibai ne aka kwashe daga Afaka da Jami'ar Greenfield a wannan shekarar ta 2021. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, masu garkuwa sun ci gaba da kiran iyalai ta waya suna cinikin fansa kamar masu cinikin tumatir a kasuwar Hunkuyi, alhali kuwa an ce kowane layi yana da suna da hoton yatsa. Ashe tara bayanai daban, amfani da su don amfanin talaka daban.

Tarihin ƙungiyoyin ɗalibai ya isa ya sa mu yi hattara. A 1978, bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Samaru da Legas, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ta kori shugabanni da malamai. A watan Mayu na 1986 jini ya sake zuba a Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan zamani, mai son jerin sunayen "masu ta da zaune tsaye" sai ya nemi ɗan rahoto a cikin ɗalibai, ya biya shi, ya kuma jure ƙaryarsa. Yau fayil ɗaya da tambaya ɗaya sun wadatar.

Ga kuma wani abu da masu tallar waɗannan na'urori ba su cika faɗa ba. Mataimakin nan yana kuskure, kuma idan ya yi, da cikakkiyar murya yake yi, ba ya in-ina. Yana iya ɗaukar sabunta manhaja da waya ke yi da kanta ya kira shi kutse. Yana iya danganta adireshi ga wanda ba shi ba, domin adireshin da waya ke samu a intanet ɗin makaranta aro ne, na wannan ɗalibi da safe yana iya zama na wancan da yamma. Ga mu kuma da al'adar ba aboki lambar sirri ya shiga da sunanmu. Ƙwararren injiniya ya san waɗannan ramuka, zai koma ya duba ƙullin da idonsa. Amma wanda ya dogara ga na'ura tun farko saboda bai iya karatun ba, da me zai gane ta yi masa ƙarya? Ranar da aka gurfanar da ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa da takarda mai cewa "bincike ya nuna", wa zai yi wa na'ura tambayar ƙwaƙƙwafi?

Sa'an nan ina fayil ɗin yake zuwa? Mafi yawan mataimakan nan ba a cikin kwamfutar ofis suke zaune ba, suna can cikin manyan kwamfutocin kamfanoni a ƙasashen waje. Ma'aikacin da ya miƙa musu abin da ya kwafo don neman sauƙin aiki ya fitar da sirrin ɗaruruwan mutane daga ƙasar nan ba tare da ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba, wataƙila ma bai san ya yi ba.

Doka ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu karanta ta. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun, a kan wanda ya tare saƙon wani ba da izini ba, ko da yake ita ce kuma ta tilasta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su har shekara 2. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar a 2019 sun ce sai da takardar alƙali hukumomin tsaro za su tare saƙo, in ban da halin gaggawa, inda aka ba su awa 48 su nemo takardar daga baya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta kafa hukuma ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasashen waje, ta kuma ba mutum ikon ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. To, idan jami'in tsaron ƙasa sai ya je gaban alƙali, ina dalilin da zai sa ma'aikacin ɗakin kwamfuta na makaranta, ko mai shagon da ke sayar da intanet a bakin tasha, ya zama ba mai tambayarsa?

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'armu da ta rubuta ƙa'ida, ta manna ta a allon sanarwa inda kowa zai gani. A faɗi wanda ke da ikon kwafar zirga-zirgar intanet ɗin makaranta, da dalilin da zai sa a kwafa, da ranar da za a goge. Gyaran hanya ba ya bukatar ajiyar wata da watanni, kwanaki kaɗan sun isa. A hana miƙa fayil ga kowane mataimaki na waje sai an share sunaye da lambobin da za su nuna mutum, in kuwa da hali a yi amfani da irin waɗanda ke aiki cikin kwamfutar makaranta ba tare da sun fita ba, don akwai su. Kada kuma a karɓi rahoton na'ura a matsayin shaida gaban kwamiti sai an ba wanda ake tuhuma damar kawo masanin da zai duba asalin fayil ɗin. Muna so majalisar ɗalibai ta sa wannan magana a zamanta na gaba, ta kuma nemi kujera a duk kwamitin da zai tsara ƙa'idar, don ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aiki, musamman waɗanda aka damƙa wa ɗakunan kwamfuta a ma'aikatu da ƙananan hukumomi, ku ne za a fara aika wa. Wata rana mai gida zai kira ɗayanku ya ce a duba masa wanda ke tura wa 'yan jarida labarin albashin da aka riƙe. A da kuna iya cewa aikin ya fi ƙarfinku, a bar ku. Yanzu wannan uzuri ya ƙare, shi ma mai gidan ya ji labarin na'urar. Ku nemi umarnin a rubuce, da sa hannu da kwanan wata da sashen dokar da ya dogara a kai, ku ajiye kwafi a gida. Sau da yawa mai ba da irin wannan umarni da baki ba ya yarda ya sa masa hannu.

Mu ɗalibai kuma, musamman 'yan Makarfi da Ikara da Kudan da za su koma gida hutu, akwai aikin da ke jiranmu. Masu sana'ar POS da dillalan rake da tumatir duk sun koma ciniki ta waya, kuma da yawansu sukan hau kowane intanet na kyauta da suka samu, su ba yaron shago waya da lambar sirri ya gyara musu. A zauna da su a yi musu bayanin ambulan da abin da ke bayansa, da Hausa, a nuna musu yadda ake sauya lambar sirri da yadda ake gane shafin da ke kulle. Sashen kimiyyar kwamfuta kuma ya ci gaba da koyar da karatun ƙulle-ƙullen nan da ido tun daga tushe kafin a ba ɗalibi mataimaki, domin nan da 'yan shekaru kotunan Zariya da Kaduna za su bukaci mutanen da za su iya tsayawa su ce na'ura ta faɗi daidai a nan, ta yi kuskure a can.