Haihuwa Ni'ima Ce, Kada Mu Mayar Da Ita Bashi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai bayar da 'ya'ya ga wanda Ya so. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya dace mu yi tsokaci a kan wani al'amari da ya zama ruwan dare a garin Sara da kewayensa, daga Birnin Kudu har zuwa Gwaram, wato irin ɗawainiyar da muke ɗora wa kanmu da zarar Allah Ya sauki matanmu lafiya. Magidanci ba ya gama murnar haihuwa sai lissafi ya rufe shi: kayan ƙauri, itacen wankan jego, atamfofin fitar suna, goro da alewa, abincin taron mata, a wasu gidajen har da anko da makaɗa. Wanda ba shi da hali sai ya ɗebi gero ko dawa daga rumbu, ko ya ja akuyar gida zuwa kasuwar Sara, alhali sauran watanni kafin kaka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta ƙara tsada, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukuma, amma bukukuwanmu ba su ragu da komai ba.

Abin tambaya shi ne, me addini ya nema daga mahaifi? Abin da ya zo a sunna kaɗan ne, kuma mai sauƙi. A raɗa wa jariri suna mai kyau, a yanka masa dabba ran bakwai, a aske kansa, a yi sadaka da azurfa gwargwadon nauyin gashin, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Nana Faɗima ta yi lokacin da ta haifi Hasan. Da Nana Asma'u ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu, wanda shi ne ɗan fari da aka haifa wa Muhajirai bayan hijira, abin da Annabi ya yi masa shi ne ya tauna dabino ya sa masa a baki, ya yi masa addu'a. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita muka tashi a cikinta, dabba ɗaya ta wadatar ko namiji aka haifa ko mace, kamar yadda duk ɗalibin da ya karanta Risala ya sani, ko da yake wasu malamai sun tafi a kan biyu ga namiji saboda hadisin da ya zo da haka. Har ma a Muhtasar na Shaihu Halil an karhanta mayar da yankan suna walimar da za a tara jama'a dominta. A ci, a ba maƙwabta, a yi sadaka. Kuma yankan kansa sunna ne ga mai iko, babu laifi a kan wanda bai samu ba.

Allah Ya hana ɓarnar dukiya a wurare da dama cikin Littafinsa. Mai karatu ya duba Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27, inda aka danganta almubazzarai da shaiɗanu, wal'iyazu billahi, ya kuma duba Suratul Furƙan aya ta 67, inda aka yabi masu tsayawa tsaka-tsaki tsakanin ɓarna da ƙwauro. To, ina matsayin mutumin da ya ci bashi don kada a ce sunan ɗansa bai kai na ɗan maƙwabcinsa armashi ba? Ina matsayin al'adar biki tsakanin mata, inda wadda aka kai wa gudummawa take jin dole ne ta mayar da ninkinta, har kyauta ta koma bashin da ake bi da gori?

Ɓarnar ba ta tsayawa a ranar suna. Mu ɗauki famfas. Jariri sabon haihuwa yakan buƙaci canji kamar sau 8 a wuni, wato kusan guda 240 a wata ɗaya, kowane kuma da kuɗi aka saye shi, sa'o'i kaɗan a jefar. A ina ake jefarwa? A bola, ko a kwata, ko bayan katanga. Da yake akwai leda a jikinsa ba ya ruɓewa, ga shi ɗauke da najasa, ƙudaje su sauka a kai su dawo kan abincin yara, daga nan sai gudawa. Da damina shi da ledoji ne ke toshe magudanan ruwa, mu kuwa mutanen Jigawa mun ga abin da ambaliya ta yi a 2022 da 2024. Da rani manoma sukan kwashi bola su kai gona a matsayin taki, sai ledar ta bi su har can. Mahauta kuma shaida ne a kan dunƙulen ledar da suke tararwa a tumbin awaki da shanu. Iyayenmu sun yi renonmu da ƙunzugu na tsumma mai laushi, a wanke da sabulu a shanya a rana. Guda 20 na nafkin ko yankakken tsohon zane mai tsabta za su yi wa yaro, su kuma yi wa ƙaninsa. Wanda ya ajiye famfas don tafiya ko zuwa asibiti bai yi laifi ba.

Haka batun madarar gwangwani. Allah Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara aya ta 233, kuma Ya ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar taƙaita tallan madarar jarirai, saboda yaran da suka salwanta a wuraren da ake dama ta da ruwa marar tsabta. Sai dai idan likita ne ya ga lalura, kuɗin gwangwani da bulumboti ya fi amfani a sayo wa mai jego wake da ƙwai da nama da ganye.

Itacen wankan jego ma abin dubawa ne. Kwana 40 ana dafa ruwa safe da yamma a ƙasar da bishiyoyinta ke ƙarewa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike tun a shekarun 1970, suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Ruwan ɗumi ya isa tsabta. Wannan wanka al'ada ce, babu aya ko hadisin da ya wajabta shi.

Wani zai ce wannan ai koyar da rowa ne da kashe zumunci. Muna cewa a yi barka, a ziyarci mai jego, a kai mata abin da ya sawwaƙa, domin kyauta tana ƙara soyayya. Abin da muke ƙi shi ne gasa da riya. Kayan sawa kala 30 ga jaririn da zai fi ƙarfinsu cikin wata 2 ba su amfane shi da komai ba. 'Yan riguna kaɗan, ko da na yayansa ne, da zanen goyo da majanyi, da gidan sauro, da kai shi rigakafi a kan lokaci, su ne buƙatarsa. Sau da yawa gidan da ya cika da jama'a ran suna shi ne bayan wata uku za a rasa kuɗin motar kai yaro Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu idan zazzaɓi ya kama shi cikin dare.

Saboda haka muna kira ga magidanta su zauna da iyalansu tun ciki yana ƙarami, a yi shawara a kan abin da za a iya, a ware kuɗin asibiti kafin na komai. Muna kira ga malamai mata a makarantun Islamiyya su ɗauki wannan darasi da muhimmanci, domin kakanni da gwaggonni su ne ke da ta cewa a ɗakin mai jego. Masu hali kuma su fara saukaƙawa, domin idan attajiri ya yi suna ba anko ba kiɗa, talaka zai daina jin kunyar yin haka. Limamai su riƙa tunatarwa a wurin raɗin suna, a gaban mahaifi da danginsa.

Allah Ya raya mana zuriyarmu a kan sunna, Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke da shi, Ya tsare mu daga bashi da riya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.