A dasa bishiya inda ma'aikaci ke jiran mota

Duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran mota a Nyanya ko Berger da ƙarfe huɗu na yamma a watan Maris ya san darajar inuwa. Zafi kan kusanci maki 40, kwalta na huci, jama'a na rububin ɗan duhun da ke ƙarƙashin gada. A daidai wannan lokaci titunan Maitama da Asokoro na lulluɓe da inuwa, masu bin su kuwa galibi suna cikin motoci masu sanyi. Bishiyoyin Abuja sun taru inda ba a cika tafiya da ƙafa ba.

Gyaran wannan rabo yana farawa ne da ƙidaya. Birnin New York na Amurka ya ƙirga bishiyoyin titunansa a 2015 zuwa 2016, ya samu 666,134, sannan ya saka kowace ɗaya a taswirar intanet da nau'inta da kaurinta. Kusa da gida, Freetown ta Saliyo ta fara shirin dasa bishiya miliyan ɗaya a 2020 a ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr. Ana ɗaukar hoton kowane dashe da waya, a adana wurin da yake, a riƙa biyan mai kula da shi gwargwadon rayuwar bishiyar.

Taswirar bishiya kaɗai rabin aiki ce. Ɗaya rabin shi ne sanin inda mutane ke bi da inda suke daɗewa a tsaye. Kowace wayar salula na haɗuwa da wani turken sadarwa da ke kusa da ita, saboda haka kamfanonin waya na da bayanan da za su nuna yadda ma'aikata ke kwararowa daga Mararaba da Kubwa da Lugbe zuwa Sakatariyar Tarayya da safe, su koma da yamma. Idan aka ɗora wannan taswira a kan ta bishiyoyi, nan take za a ga tashoshi da kasuwanni da hanyoyin makarantu masu cunkoso da ba su da inuwa.

Abuja na da inda za ta fara. Tun 2003 hukumar AGIS ke adana bayanan filayen birnin a kwamfuta, kuma akwai sashen kula da lambuna a Hukumar Birnin Tarayya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su aiki guda.

Akwai fargabar da ke da tushe: bayanan zirga-zirga na iya zama hanyar leƙen asirin jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shata iyaka a kan haka. Mai tsara dashe ba ya buƙatar suna ko lambar kowa. Jimillar masu wucewa a kowace awa ta ishe shi, kuma nan ya kamata a tsaya.

Damina na shigowa, takardun neman kuɗin dashe za su fara yawo a ofisoshi. Daraktoci da mataimakan da ke duba su kafin su isa teburin minista suna da damar yin tambaya biyu: mutum nawa ke tsayawa a wurin da za a dasa, kuma wa zai dawo bayan shekara ya ƙirga waɗanda suka rayu? Takardar da ta kasa amsa su, a mayar da ita ga wanda ya rubuta.