Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya same mu ranar gabatar da aiki ya isa ishara. Mun yi makonni muna bincike kan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da yadda take shayar da gonakin Kadawa da Kura. Don burge malamai, muka kwafo makuro daga intanet, wato jerin umarnin da ke juya shafukan PowerPoint da kansa. Ana cikin kallon majigi, sai ya cije. Maki ya zube, mu kuma muka sunkuyar da kai.

Laifin namu ne. An umarce shi ya je shafi na 20, alhali mun cire biyu da daddare, saura 18. Da mun buɗe umarnin da Alt da F11, muka bi shi layi-layi da maɓallin F8, da mun ga inda gizo ke saƙa. Mu kuma sani, fayil mai makuro da sunan pptm ake adana shi, domin pptx zubar da umarnin yake yi. Tun 2022 kuma Microsoft ke toshe makuron fayilolin da aka sauko da su daga intanet, saboda haka a gwada a kwamfutar zauren tun da wuri.

Gobe mu za a danƙa wa lissafin ruwan manoma. Wanda bai iya bin diddigin layi goma ba, yaya za a amince masa da ƙofar madatsa? Allah Ya ganar da mu.