Abdoulaye M. nawa ne a duniya? Maganar lambar ORCID da sunayenmu

A shekarar 2006 an fitar da wani rahoto a kan yadda manoman jihar Damagaram suka maido da itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma maimakon a sare su lokacin sharar gona. Rahoton yana cikin ayyukan da suka sa duniya ta waiwayo ta ga abin da talakawan Maraɗi da Damagaram suka yi a kan fili mai kusan eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta. Sunaye uku ne a kansa: M. Larwanou, M. Abdoulaye da C. Reij.

To ku gwada wani abu a wayarku. Ku rubuta "Reij C." a Google Scholar, nan take za ku faɗa kan Chris Reij, mutumin Holan, da ayyukansa jere. Sannan ku rubuta "Abdoulaye M." Za a zubo muku mutane daga Senegal har Cadi, likita da masanin noma da malamin lissafi, duk a tukunya ɗaya. Wanda yake neman ɗan Nijar ɗin da ya taka gonakin da ƙafarsa, don ya gayyace shi taro ko su haɗa wani aiki, sai ya sha wuya kafin ya tsamo shi. Mafi yawa ba za su tsaya shan wuyar ba. Wanda sunansa ya fi sauƙin samu shi za a kira.

Laifin ba na sunayenmu ba ne. Tsarin mujallun kimiyya an gina shi ne a kan mutanen da ke da sunan dangi guda wanda ba ya canzawa, daga kaka har jika. Mu kuwa sunan yanka muke da shi, sai sunan uba, wani lokaci a ƙara na kaka. Idan ɗalibi ya zo cike takardar mujalla aka tambaye shi wanne ne sunan dangi, yau ya sa na ubansa, gobe abokin aikin da ya tura rubutun ya juya su. Mutum ɗaya ya zama biyu kenan. Ga kuma rubutun da Faransanci ya bar mana: Muhammadu guda ya rabu ya zama Mahamadou, Mahamane, Mamane, Maman, Mohamed. Wanda takardar haihuwarsa ta ce Issoufou, in ya tsallaka Sakkwato ko Zariya ya yi mastar, Yusuf za a rubuta masa. Wanda ya yi karatu a ƙasar Larabawa ya dawo da rubutu na uku. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa tun a bakin ƙofa ake tuɓe musu hula: Ɗan Dikko ya koma Dan Dicko, har a sunan jami'ar Maraɗi.

Mata sun fi kowa cutuwa a nan, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Ɗiya mace ta wallafa aikinta na farko da sunan ubanta. Ta yi aure, takardun ofis suka mayar da ita Madam wance da sunan miji a gaba. In aure ya mutu ko mijin ya rasu ta sake wani, ga suna na uku. Aikin shekara goma sha biyar ya tsinke gida uku, kowane yanki ya yi kama da na ƴar koyo wadda ba ta daɗe da farawa ba.

Wannan matsala ce aka ƙirƙiro ORCID don ta. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, ta fara ba da lambobi a watan Oktoba na 2012. Abin da take ba ka lamba ce mai gurbi 16, an raba ta huɗu-huɗu, kamar haka: 0000-0002-1825-0097. (Kar ku damu, wannan ba ta kowa ba ce. Ta wani farfesa ce na almara, Josiah Carberry, wanda su kansu suke kafa misali da shi.) Gurbin ƙarshe ana lissafo shi ne daga sauran 15, don in an yi kuskuren bugawa na'ura ta gane, shi ya sa wani lokaci za ku ga harafin X a wurin. Lambar taka ce har abada. Ka canza suna, ka bar jami'ar Tawa ka koma INRAN, ka bar ƙasar ma baki ɗaya, tana nan yadda take. Mai bincike ba ya biyan ko dala. Jami'o'i da mawallafa da masu ba da kuɗin bincike da suka shiga ƙungiyar su ne ke ɗaukar nauyinta.

Yadda take aiki ba wuya. A mafi yawan manyan mujallu, kowane rubutu da aka fitar yana samun tasa lambar, wadda ake kira DOI. In ka ba mujallar lambarka ta ORCID lokacin tura rubutu, sai a ɗaure biyun wuri guda, kuma in ka ba da izini aikin ya shigo shafinka da kansa bayan an buga shi. Daga nan ko an rubuta ka Mamane ko Mahamane, na'ura ta san kai ne. Tun watan Janairun 2016 wasu manyan mawallafa, cikinsu har da PLOS da eLife da Royal Society, suka sanar cewa za su riƙa neman lambar daga marubucin da ke tura aiki. Ma'ana, ga wanda ke son bugawa a irin waɗannan wurare, zancen ya wuce na ganin dama.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha jin sa a fada: mu da muke maganar ƴancin kai, me ya kai mu rajista a rumbun da ke hannun Turawa? Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. A Amurka aka yi wa ƙungiyar rajista, wannan gaskiya ne. Amma kai ne ke zaɓar abin da za a gani a shafinka: kowa, ko waɗanda ka amince da su, ko kai kaɗai. Manhajar a buɗe take ga duk mai son dubawa, kuma duk shekara suna sakin bayanan da mutane suka bayyana a fili, kyauta, kowace ƙasa na iya kwafa ta ajiye. Ni abin da na fi tsoro shi ne halin da muke ciki yanzu, inda ake zuwa a yi bincike a kan geronmu da zazzaɓin ƴaƴanmu da rijiyoyinmu, ɗan ƙasa ya yi tafinta, ya tattaro bayanai cikin rana, sannan sunansa ya narke cikin "M." dubu. Ƙin karɓar lamba ba ya rage wa kowa ƙarfi sai mu.

Sai dai kar a ɗauke ta abin da ba ita ba. ORCID ba shaidar ƙwarewa ba ce. Kowa na iya buɗewa, kuma mutum na iya rubuta wa kansa abin da ya ga dama, shi ya sa bayanin da jami'a ko mujalla ta shigar da kanta ya fi wanda mai shafin ya rubuta nauyi, kuma shafin yana nuna wa ya shigar da me. Wanda ya biya kuɗi mujallar bogi ta buga masa shirme cikin kwana uku, lamba ba za ta wanke shi ba.

Babban gibin ma yana wani wuri. Jami'ar Abdou Moumouni ta haura shekara hamsin, na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna nan tun 2010. Memuwar nawa aka kare a cikinsu, na lisans da mastar da doktora? Ina suke? Da yawa suna kan kanta a ofishin sashe, ƙura da gara na rabonsu, ko cikin kwamfutar mai su har ranar da ta lalace. Aikin da bai hau intanet ba, ba shi da DOI, babu abin da ORCID za ta ɗaura maka. Lamba ce a kan rumbu wanda ba hatsi. Mai gaggawa yana iya ɗora aikinsa a Zenodo, wanda cibiyar CERN ke riƙe da shi, ya samu DOI kyauta, in dai malamin da ya duba aikin da sauran masu hannu a ciki sun yarda. Amma wannan dabarar mutum ɗaya ce. Abin da ya kamata shi ne kowace jami'a ta mallaki rumbunta na intanet, a ƙasarmu, inda duk memuwar da aka kare za ta shiga da sunan mai ita da lambarsa.

Don haka ga abin da nake nema daga shugabannin jami'o'inmu da ƙungiyoyin ɗalibai, kuma ba ya cin kasafin kuɗi: a darasin dabarun bincike na shekarar farko ta mastar, a ware awa ɗaya kowa ya buɗe lambarsa, a kuma sa ta a shafin farko na memuwar kusa da suna. Malaman da ke haɗa dosiyen CAMES su ma sun san wahalar tattaro aikin shekaru daga wurare goma. Su ya kamata su fara.

Kai kuma da ke karanta wannan a waya, in kana mastar ko kana shirin doktora, ko kana aiki da wata ƙungiya kana rubuta rahotanni, shiga orcid.org. Shafin yana da Faransanci da Larabci, kuma mintoci kaɗan ne. Ka sa imel biyu, don na makaranta ko na wurin aiki yana mutuwa ranar da ka tafi, kuma wanda ya rasa hanyar shiga yakan buɗe lamba ta biyu, ya sake raba kansa da hannunsa. Akwai gurbin da aka tanada don sauran sunayen da aka san ka da su. Nan za ka zuba su duka: Issoufou da Yusuf, sunan kafin aure da na bayansa, wanda aka juya da wanda aka gajarta, har da rubutun Hausa mai ɗ da ƙ da na ajami in kana so, gurbin yana karɓa.