Kafin Ka Kai Shuri, Tambayi Idon Sawunka

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan fitowa ta mujallarmu ba nahawu ba ne, ba kuma adabi ba. Maganar ƙafa ce. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da idon sawu, to amma duk wanda ya leƙa ɗakin wasanni da yamma zai ga 'yan sashenmu da na maƙwabta sanye da fararen kaya suna ta ihu da kai shuri, kuma mafi yawansu sai da suka shigo jami'a suka fara. Ni ma ina cikinsu. Ra'ayina shi ne, yadda ake koyar da mu manya kareti da takwando akwai gyara a ciki, kuma gyaran daga ƙasa zai fara, wato daga tafin ƙafa da yatsu da idon sawu.

Ina da shekara 23 na shiga ƙungiyar kareti, ina aji biyu. Mu 14 ne sababbi a wancan zango, amma kafin a yi jarrabawa mun koma mu biyar. Ban ji ko mutum ɗaya da ya gudu saboda tsoron naushi ba. Wani babban yatsansa ne ya kumbura, wata agararta ce ta hana ta hawa bene, ni kuwa targaɗe na yi a mako na shida, na yi wata guda ina ɗingishi zuwa lacca. Abin mamaki shi ne, duk tsawon makonnin nan abin da aka fi damuwa da shi a wajen atisaye shi ne a buɗe cinyoyi har mutum ya zauna daɓas a ƙasa kamar yadda muke gani a finafinan Bruce Lee da ire-irensa. Ba wanda ya taɓa ce mana mu dubi ƙafar da muke tsaye a kanta.

Alhali kuwa ƙafar nan ba ƙaramin abu ba ce. Kowace ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33. Idan aka haɗa biyun an sami ƙasusuwa 52, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Kuma kowane irin shuri da abin da yake nema a wajenta. Shurin gaba na kareti yana so ka janye yatsu sama sosai, domin ka bugi abokin karawa da tudun nan da ke ƙarƙashin yatsu. Idan yatsun suka ƙi janyuwa, su ne za su fara isa, kuma su za su sha wuya. Shurin kewaye na takwando kuwa akasin haka yake so, a miƙe ƙafa sambal a yi bugu da bayanta. Shurin gefe da gefen ƙafa ake yin sa. Sannan ga ƙafar da aka tsaya a kanta, wadda ita ce marainiyar da ba a tunawa da ita: dole ta juya a kan tudun yatsu yayin da ɗayar take sama. In ta kafe a ƙasa ba ta juya ba, murɗawar ba ɓacewa take yi ba, gwiwa ce za ta karɓe ta.

Akwai kuma zaman da Japanawa suke kira seiza, wanda da shi ake buɗe darasi a kuma rufe shi: a durƙusa, a shimfiɗa bayan ƙafa a ƙasa, a zauna a kan dunduniya. A nan ne na fara gane cewa ba a tsaye ɗaya muka zo ba. Abokan karatuna da suka saba da zaman tahiya sau da yawa a kowace rana ba su ga wani abin wahala a ciki ba, har da ɗaya daga cikinsu da ya girme ni da shekara huɗu. Ni kuwa da na tashi a kan kujera, da takalmi sau-ciki tun daga firamare, minti biyu ya ishe ni in ji kamar ana tsaga mini ƙwauri. Haka nan tsugunne. Na tarar ba na iya tsugunawa dunduniyata tana ƙasa, abin da tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofar makaranta take yi tun daga asuba ba tare da ta san wani abu take yi ba. Ashe ba shekaru kaɗai ne suke sandarar da gaɓa ba, har da abin da mutum ya daina yi da ita.

Da na kasa zaman, sai wani babban ɗalibi mai baƙar ɗamara ya zo ta bayana ya danna kafaɗuna ƙasa da ƙarfi. Na ce, "Oga, da zafi fa." Ya ce zafin shi ne maganin. Ba na zarginsa da mugunta, domin shi ma haka aka yi masa, sai dai shi yana ɗan shekara tara aka yi masa. A nan ne kuskuren yake. Ana ɗaukar darasin da aka tsara domin yara a ɗora wa mutumin da ya shekara 20 yana zaune a aji, sannan in ya kasa a ce ba shi da zuciya.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za a kawo misalin Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Nijeriya tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, a ce ai tun yana ƙaramin yaro ya fara. Ko a ambaci Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, mai azurfa a Rio a 2016, wanda ya zama zakaran duniya a 2017. Na yarda, wanda ya fara a shekara 23 da wuya ya taka inda suka taka. Amma mu ba Olamfik muka nufa ba. Lafiyar jiki muke nema da ɗan abin kare kai a hanyar hostel da dare. Kuma mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa shakkar wannan karin magana idan aka ɗora ta a kan mutum. Ranar da na fara shiga ajin Hausa, bakina bai san bambancin ƙasa da kasa ba, balle ɓ da ɗ. Malaminmu bai kama harshena ya murɗa ba. Kullum safiya sai ya sa mu maimaita kalmomi kaɗan, har maƙogwaro ya saba. Da a ce busasshen icce ba ya tanƙwaruwa ko kaɗan, da ba ku karanta wannan rubutu ba.

To me ya kamata a yi? Abu na farko a auna, domin a san inda aka tsaya. Ka fuskanci bango ba takalmi, ka sa ƙafa ɗaya gaba, ka tura gwiwa har ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Ka riƙa ja da ƙafar baya kaɗan-kaɗan har inda gwiwar za ta kasa kaiwa, sannan ka sa rula ka auna daga babban yatsa zuwa bango. Wajen santimita 10 shi ne abin da masu duba gaɓoɓi suke ɗauka daidai. Ranar da na fara aunawa, hagu ta ba ni 6, dama kuwa, wadda na yi targaɗe da ita, 4 kacal.

Sai miƙa sharaɓa, kuma a nan akwai abin da na daɗe ban sani ba. Manyan tsokokin sharaɓa biyu ne, dukkansu suna haɗuwa a agara su sauka a ƙashin dunduniya, amma ɗaya daga saman gwiwa ta taso, ɗayar kuma daga ƙasan gwiwa. Saboda haka idan ka dafa bango ka miƙe ƙafar baya sambal, ta saman ka fi ja. Sai ka ɗan lanƙwasa gwiwar, dunduniya na ƙasa, sannan za ka kai ga ta cikin, wadda ita ce take hana mutane da yawa tsugunne. Mu a wajen atisaye ta farkon kawai ake sa mu yi. Daƙiƙa 30 a kowane miƙo, sau biyu ko uku, ta wadatar, amma bayan jiki ya ɗumama, ba mutum ya sauko daga gado ya hau ja ba. A ganina ma irin wannan miƙo na tsayawa cak ya fi dacewa da ƙarshen darasi. Kafin a fara, gara ɗan gudu da jujjuya idon sawu da tafiya a kan yatsu da kan dunduniya.

Yatsu kuma, ka durƙusa ka kafa su a ƙasa, ka koma baya a hankali kana zama a kan dunduniya, hannayenka na ƙasa suna rage nauyi. Zaman seiza shi ma da matashi ko naɗaɗɗen tawul tsakanin ɗuwawu da dunduniya ake fara shi, a riƙa rage kaurinsa mako-mako. Ba abin kunya ba ne. Ni da ƙamus na fara, Allah ya yafe mini, domin shi ne abu mafi kauri a ɗakina.

Inda na saɓa da wasu abokaina masu goyon bayana shi ne, su suna ganin laushi shi ne kome. A'a. Idon sawun da ya yi laushi ba ƙarfi ya fi sandararre hatsari. Mafi yawan targaɗe yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, mutum ya taka da gefen waje, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar ta waje su ja ko su yage. Wanda ya taɓa yi sau ɗaya kuma ya fi saurin sake yi, domin gaɓar takan rage jin inda take. Maganin wannan ba ƙarin miƙo ba ne, tsayuwa ce a kan ƙafa ɗaya. Ka yi daƙiƙa 30 ido buɗe, in ka iya sai ka rufe ido, za ka sha mamakin yadda za ka riƙa tangaɗi kamar ɗan maye. Ka haɗa da ɗaga dunduniya a bakin matakala, ka hau da sauri ka sauko a hankali. Lokacin da muka je Kano zaman koyon harshe an kai mu kallon dambe, kowa yana kallon hannun da aka naɗe, ni kuwa ƙafafu na tsura wa ido. Ba takalmi, a kan rairayi, kuma da wuya ka ga ɗan dambe yana buɗe cinya har ƙasa, amma dubi yadda ƙafarsa take kama ƙasa ta sake ta.

Wajibi ne kuma mutum ya san zafin da ake jurewa da wanda ba a jurewa. Jan da ake ji a tsakiyar tsoka, mai lafawa da zarar an saki, wannan ba kome. Amma idan kana tura gwiwa gaba sai ka ji wani abu yana tsunkulinka ta gaban idon sawu kamar ƙashi ya ci karo da ƙashi, to tsaya, dannawa ba za ta buɗe shi ba, likitan ƙashi ya kamata ya duba. Haka idan aka gurɗe. Likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda asibitoci da yawa suke bi: in mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko kuwa ƙashin idon sawun kansa yana zafi idan an danna ta bayansa, to a ɗauki hoto. Ni da nawa ya faru, abokan ɗakina uku suka taru, ɗaya ya riƙe ni, ɗaya ya ja ƙafar wai zai mayar da ita, na ukun yana shafa man zafi. Allah ya sa ba karaya ba ce. Da karaya ce fa?

Roƙona ga masu horar da mu, da girmamawa, minti goma ne kawai. A ware wa sababbi manya minti goma na ƙafa a kowane darasi, a auna su da bango ranar da suka zo, a sake aunawa bayan wata biyu, kuma a hana manyan ɗalibai danna kowa. Na kai wannan magana gaban malaminmu na kareti a zangon da ya wuce. Ya saurare ni har na gama, ya ce zai duba, ya kuma ce in daina zuwa da ƙamus ɗakin atisaye. Har yanzu dai ba a sa minti goman a jadawali ba, saboda haka mu huɗu muke zuwa da wuri mu yi abinmu a jikin bangon baya kafin a fara. Awon da na yi ranar Asabar, hagu ta kai santimita 10, dama tana 8.