Tallafin Karatu: Mu Daina Karɓar Amsar Farko



Kowace shekara idan sakamakon JAMB ya fito, iyaye kan cika ofishin ƙungiya da kuka iri ɗaya: yaro ya ci, kuɗi babu. Jihar da aka haife shi ta ce tallafinta na 'yan asalin jiha ne, can gida kuma a ce sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma daga garin da ko hanyarsa bai sani ba. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, amma har yau ana kiran jikokin jikokinsu baƙi, alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa. Wannan fafutuka ba za mu bar ta ba. Sai dai yaron da ya gama sakandare bana ba zai iya jiran ranar da za a gyara doka ba.

Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce ta cancanta. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na guraben shiga na masu maki ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari baya a ilmin boko. Wancan 45 ɗin bai san ɗan gida ba, bai san baƙo ba. Haka sukolashif na Gidauniyar MTN ga ɗaliban kimiyya da fasaha, abin da ake fara dubawa shi ne ko ɗalibi ya kai maki 3.5 cikin 5. To yaron da aka tura tsaron shago ranar da ake darasin share fagen jarrabawa, da me zai kai nan?

Abin da ya fi damu na kuwa shi ne kunya. Mu da muke yini muna ciniki a kan sa ɗaya a kara, mai saye ya taya mu ce albarka har sau biyar, da zarar makaranta ta faɗi kuɗi sai mu naɗe tabarma mu koma gida. A Amurka abu ne sananne iyaye su rubuta wa jami'a su ce tallafin da kuka ba mu bai isa ba, ga abin da wata makarantar ta yi mana tayi, ga kuma halin da gida ya shiga. Wani lokaci a ƙara, wani lokaci a ce a'a, ba wanda ake kora don ya tambaya. Jami'o'in gwamnati a nan ba sa irin wannan ciniki, gaskiya ne, amma ana iya neman biya kashi-kashi, ana kuma iya neman ragi a makarantu masu zaman kansu. A yi shi a rubuce, a haɗa da sakamakon yaro, a riƙe kwafi. Maganar baka a bakin ƙofar ofis iska ke ɗauke ta.

Game da NELFUND da ta fara karɓar buƙatu a 2024, a sani rance ne ba kyauta ba. Ba ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya, amma dai bashi ne. Ni a ganina a fara neman na kyauta tukuna.

Duk mahaifin da rubuta wasiƙar zai yi wa wuya, ya zo ajin yaƙi da jahilci bayan La'asar da takardun yaron, mu rubuta tare. A zo da uwar yaron ma idan da hali, don sau da yawa ita ta san inda aka ajiye takardun.

Sakataren Ƙungiya